Gani Ya Kori Ji, Amma Wa Ya Zana Abin da Ake Gani?

Rahoto na musamman kan manhajar da ke jona kanta da ɗaruruwan kwamfutoci masu kwaikwayon filin daga, da nauyin da ke wuyan wanda ya rubuta ta

Da la'asar ɗin ranar 26 ga Fabrairu 1991, a hamadar kudancin Iraƙi, ana cikin guguwar yashi, wata ƙaramar rundunar Amurka ƙarƙashin Kyaftin H.R. McMaster ta hau wani ɗan tudu, sai ga ta ido da ido da dakarun Tawakalna, na cikin zaratan sojojin Saddam Husaini. Tankoki tara ne ƙirar M1A1 da rakiyar motocin sulke ƙirar Bradley. Cikin minti 23 aka gama gumurzun farko. Wurin ba gari ba ƙauye, don haka aka laƙaba wa karon sunan wani layi da ke kan taswirar soja, 73 Easting.

Ba a jima da tsagaita wuta ba, hukumar binciken fasahar tsaro ta Amurka, DARPA, da cibiyar nazari ta IDA suka tura ma'aikata filin. Suka bi sawun tankoki a cikin yashi. Suka auna inda kowace ƙonanniyar mota ta tsaya. Suka bi siraran wayoyin da makamai masu linzami ƙirar TOW ke bari a ƙasa bayan an harba su, suka saurari muryoyin rediyo da aka naɗa, suka zauna da sojojin ana ta maimaita musu tambaya. Duk abin da aka samu aka zuba shi cikin tsarin kwaikwayo mai suna SIMNET, aka sake gina karon daƙiƙa bayan daƙiƙa. Janar ko ɗan majalisa zai zauna gaban allo, ya hau abin da suka kira darduma mai tashi, ya kewaya filin yadda ya ga dama: ya dubo daga sama, ya bi bayan tanka, ko ya leƙa ta inda mai harbi ke leƙawa.

Wannan dardumar manhaja ce. Ba ta tuƙa komai, ba ta harba komai, kuma babu wanda ke ganin ta a filin. Aikinta ta saurari abin da sauran kwamfutoci ke faɗa, ta mayar da shi hoto. Yau irinta na nan a ɗakunan atisayen soja, da cibiyoyin horar da matuƙa jirgi, da wuraren gwajin ayyukan sararin samaniya. Mutane kan ɗauka ita ce mafi sauƙin rubutawa tunda kallo kawai take yi. Amma ita ce wadda ake gaskatawa. Ba mai karanta lambobin da ke yawo a cikin waya. Allo ake kallo, kuma a kan abin da allo ya nuna ake yanke hukuncin wa ya yi daidai, wa ya yi kuskure. Alhali mafi yawan abin da ke kan allon ba a aiko shi ba. Manhajar ce ta ƙiyasta shi.

Babu mai riƙe da gaskiya shi kaɗai

Asalin tsarin yana komawa ga wani hafsan sojan sama na Amurka, Jack Thorpe. A zamaninsa na'urar koyon tuƙin jirgin yaƙi guda ɗaya takan ci miliyoyin daloli, kuma mutum ɗaya take koya wa aiki, shi kaɗai a cikin akwati. Thorpe ya ga cewa abin da ya fi wuya a yaƙi shi ne mutane da yawa su yi aiki tare, kuma ba a koyon wannan a kaɗaice. A 1983 DARPA ta fara aikin SIMNET a hannunsa. Kamfanin BBN ya ɗauki sadarwa da manhajar motoci, Perceptronics ya ƙera akwatunan da sojoji ke zama ciki, Delta Graphics ya yi na'urar zana hoto. Zuwa 1990 akwai na'urori kimanin 250 a sansanoni daban-daban na Amurka da Jamus, ciki har da Fort Knox.

Matsalarsu ita ce ƙarancin hanya. A cikin gini ɗaya suna da Ethernet, amma tsakanin gari da gari layukan tarho ne masu ɗaukar kilobit 56 a daƙiƙa. Wannan ƙuncin ne ya haifi dokokin da har yau ake bi. Babu wata babbar kwamfuta a tsakiya da ta san komai. Kowace na'ura ita ke da iko da abin da take kwaikwaya, ita kaɗai ke da hurumin cewa tankata tana wuri kaza. Takan yi shelar halin da take ciki ga kowa da kowa, ba tare da ta damu da wa ke sauraro ba. Mai karɓa kuma shi zai lissafa wa kansa ko yana iya hango abin, ko tudu ya tare masa.

Daga 1989 aka riƙa taron bita a Orlando, ƙarƙashin cibiyar kwaikwayo da horarwa ta Jami'ar Central Florida, don mayar da wannan dabara ƙa'idar da kowane kamfani zai iya bi. Sakamakon shi ne DIS, wadda ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta amince da ita a 1993 da lamba 1278. An sabunta ta a 1995 da 1998, sannan a 2012 aka fitar da siga ta 7.

Ga mai rubuta manhajar kallo, ma'anar wannan a fili take. Babu inda zai je ya ce a ba shi hoton duniya gaba ɗaya. Sai dai ya buɗe kunne, ya tsinci labarai ɗaya bayan ɗaya, ya harhaɗa duniyar da kansa.

Bayit 144

Jona manhajar da DIS ba ya buƙatar neman izini ko gaisawa da kowa. Ana buɗe ƙofar hanyar aika saƙo ta UDP, bisa al'ada mai lamba 3000, a shiga adireshin rukunin da ake watsa saƙonnin, sai a jira. UDP ba ta alkawarin komai. Saƙo kan ɓace, wani ya zo sau biyu, wani ya riga wanda aka aiko kafin shi. An zaɓe ta ne da gangan, domin a irin wannan aiki gara saƙo ya ɓace da a tsayar da kowa ana jiran a sake aiko tsohon labari.

Kowane saƙo ana ce masa PDU, kuma yana farawa da kai mai bayit 12: sigar ƙa'idar, lambar atisaye, nau'in saƙo, hatimin lokaci da tsawonsa. Lambar atisaye ita ake fara dubawa, domin atisaye biyu na iya gudana a kan waya ɗaya, kuma wanda bai tace ba zai ga jiragen wasu suna ratsa filinsa.

Saƙon da ya fi kowanne yawa shi ne nau'i na 1, mai bayyana halin da abu ke ciki. Tsawonsa bayit 144 ne in ba a ƙara komai ba. A ciki akwai lambar shaida mai kashi uku, wato wuri, manhaja da abin kansa, yadda ba za a sami biyu masu suna ɗaya ba. Akwai ɓangaren da yake: namu, abokin gaba, ko ɗan ba-ruwanmu. Akwai inda yake, saurinsa, inda ya fuskanta, da ɗan gajeren suna mai harafi 11 da ake maƙala masa a allo. In yana da gaɓoɓi masu motsi, kamar kan tanka mai juyawa da bakin bindiga mai ɗagawa, kowace gaɓa tana ƙara bayit 16.

Tarkon farko yana nan tun kafin a zana komai. DIS tana jera bayit da babba a gaba, yayin da kwamfutocin Intel da AMD ke jera su da ƙarami a gaba. Wanda ya manta ya juya su zai karanta tsawon saƙo ya ga 36,864 a maimakon 144.

Tarko na biyu shi ne gane mene ne abin. Saƙon ba ya ɗauke da hoto ko siffa. Lambobi bakwai kawai yake kawowa, daga jinsi zuwa ƙasar da ta ƙera har zuwa takamaiman ƙira. In suka fara da 1, 1, 225, 1, ana nufin abin hawa, na tudu, ƙirar Amurka, tanka. Ƙungiyar SISO ce ke riƙe da kundin waɗannan lambobi, kuma kundin ya fi ƙarfin siffofin da kowace manhaja ke da su a ajiye. Dole wata rana a aiko lambar da ba a da siffarta. Manhaja mai kyau takan sauka mataki-mataki: in babu wannan ƙirar, ta ɗauko 'yar'uwarta, in babu, ta ɗauko kowace irin tanka, in ma babu, ta ajiye wata alama mai ɗaukar ido. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ta yi shiru ta ƙi zana komai, domin mai kallo zai ɗauka wurin fayau yake alhali akwai abokin gaba a tsaye.

Daga cibiyar ƙasa ake awo

Wanda ya saba rubuta wasannin kwamfuta ya saba da fili shimfiɗaɗɗe: gabas, arewa, sama. DIS ba ta san wannan ba. Tunda jirgin ruwa a teku da tauraron ɗan'adam da sojan ƙasa duk za su iya haɗuwa a atisaye ɗaya, sai aka ɗauki ma'auni ɗaya da zai ishi kowa. Ana awo da mita daga tsakiyar ƙwallon duniya, bisa tsarin WGS 84 wanda GPS ke amfani da shi. Layi na farko ya fito ta inda layin Greenwich ya ratsa ikwaita, na biyu ta digiri 90 gabas, na uku ta ƙuryar arewa.

Saboda haka motar da ke ajiye a bakin hanya lambobinta miliyoyi ne, domin daga tsakiyar duniya zuwa ikwaita mita 6,378,137 ne. DIS tana aiko su a ma'auni mai bit 64, wanda ke riƙe su daidai. Amma katin zane na kwamfuta ya fi son ma'auni mai bit 32, kuma a lamba mai girman miliyan shida, wannan ma'aunin ba ya iya bambance abin da bai kai rabin mita ba. In aka miƙa masa lambobin kai tsaye, sai a ga sojan da ke tsaye yana karkarwa, ƙafafun mota suna rabuwa da jikinta. Maganin shi ne a zaɓi wata cibiya kusa da idon mai kallo, a cire ta daga matsayin kowane abu tun ana cikin bit 64, sannan a miƙa wa katin ɗan ragowar. In mai kallo ya yi nisa, a matsar da cibiyar ta bi shi.

Fuskantar abu ta fi wannan rikitarwa. Kusurwoyi ukun da saƙon ke kawowa ba daga ƙasar da motar ke takawa ake auna su ba, daga layukan tsakiyar duniya ne. Wanda ya ɗauke su a matsayin juyi hagu da dama ko ɗaga kai sama zai ga tankarsa kwance a gefe, ko ta kafa baki cikin ƙasa, kuma karkatar na canzawa gwargwadon inda take a doron duniya. Sai an fara gano latitud da longitud na wurin, a gina ma'aunin gida na arewa, gabas da ƙasa, sannan a juya kusurwoyin zuwa cikinsa. Kusan duk wanda ya taɓa wannan aiki ya ga tanka a kife a ranar farko.

Kirdado

A nan ne zuciyar al'amarin take. Allo yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa. A ce abubuwa 1,000 ne a filin, kowanne yana aiko bayit 144 a kowane hoto: ana buƙatar megabit kusan 69 a daƙiƙa, abin da layukan zamanin SIMNET ba su ko yi mafarkinsa ba. Sai aka koma ga dabarar da matuƙa jirgin ruwa suka daɗe da ita tun kafin a san tauraron ɗan'adam: in ka san inda abu yake ɗazu, da saurinsa, da inda ya nufa, za ka iya lissafa inda yake yanzu.

Ɗan'uwanka ya taso daga Kano zai zo Zariya, ya kira ka yana barin gari. Ba ka buƙatar ya riƙa kiran ka kowane minti. Kana duba agogo ka ce yanzu ya wuce Kura, yanzu ya kusa Kwanar Ɗangora. Shi ma ya san lissafin da kake yi, don haka ba zai sake kira ba sai in taya ta fashe ko ya tsaya salla, wato sai in gaskiya ta saɓa da abin da kake zato.

Haka DIS ke aiki. Na'urar da ke da tanka tana riƙe da lissafi biyu: ainihin inda tankar take, da inda ta san sauran suna zaton take. Muddin biyun suna kusa, ba ta cewa komai. Da zarar tazarar ta wuce iyaka, wadda bisa al'ada mita 1 ce a matsayi ko digiri 3 a fuskanta, sai ta aika sabon saƙo. Ko babu abin da ya canza, takan aika ɗaya duk daƙiƙa 5 don a san tana raye. Ƙa'idar ta tanadi hanyoyin lissafi tara, daga na abin da ba ya motsi zuwa na wanda ke ƙara gudu yana juyawa, kuma mai aikawa ne ke faɗin wadda za a bi. Mai rubuta manhajar kallo ba shi da zaɓi a nan. In ya bi wata dabam don ta fi masa sauƙi, alkawarin mita 1 ya rushe, tunda mai aikawa yana auna kuskure ne da lissafin da ba shi ake yi ba.

A duba abin da wannan ke nufi. Tankar da ke tafiya miƙe da gudun kilomita 36 a awa tana cin mita 10 a daƙiƙa. Tsakanin saƙo da saƙo za ta iya cin mita 50, allo kuma ya zana hotuna 300. Ɗaya ne kawai a cikinsu ya dogara da labarin da aka aiko. Sauran 299 lissafin manhajar kallo ne.

Sannan ga jinkirin hanya. Jirgin da ke gudun mita 250 a daƙiƙa, in saƙonsa ya yi kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a hanya, kafin ya iso jirgin ya ƙara mita 25. Hatimin lokaci ne ke gyara wannan: ana fara kirdado daga lokacin da aka aiko, ba daga lokacin da aka karɓa ba. Hatimin na DIS yana ƙirga lokacin da ya wuce daga farkon awa, kuma bit ɗinsa na ƙarshe yana faɗin ko agogon mai aikawa an daidaita shi da na kowa ko nasa ne shi kaɗai. Duk awa yakan koma sifili, kuma manhajar da ba ta yi tanadin wannan ba za ta ɗauki sabon saƙo a matsayin tsoho ta watsar daidai lokacin da awa ta cika.

In sabon saƙo ya iso ya nuna kirdado ya kauce, akwai zaɓi biyu. A fizge abin zuwa inda ya kamata, ido ya ga ya yi tsalle. Ko a ja shi a hankali cikin ɗan guntun daƙiƙa, motsin ya yi santsi. Kowa ya fi son na biyu, kuma shi ake yi. Amma a san cewa a cikin wannan ɗan lokacin, manhajar tana zana abin a inda ta riga ta san ba nan yake ba. In aka tsawaita gyaran don hoto ya yi kyau, kyan ya ƙaru, gaskiya ta ragu.

Wa ke cewa an mutu?

Harbi a DIS saƙo biyu ne. Nau'i na 2 yana cewa an harba, nau'i na 3 yana cewa ya fashe a wuri kaza, ya sami wane ko bai samu ba. Wanda ya harba ne ke aiko duka biyun. Amma ba shi ke yanke hukuncin ɓarna ba. Na'urar da aka harba ce ke duba irin makamin da inda ya same ta, ta lissafa, sannan ta canza bayanin kamanninta a saƙo na gaba: lafiya lau, ɓarna kaɗan, ɓarna matsakaiciya, ko ta halaka, da ko tana hayaƙi ko tana ci da wuta.

Mai rubuta manhajar kallo yakan ji sha'awar ya cinna wa tanka wuta da zarar ya ga saƙon fashewa a kanta, domin hakan ya fi burgewa. Kuskure ne babba. Nasa shi ne ya zana walƙiya da ƙura, ya jira mai tankar ya faɗi abin da ya same ta. In ya riga shi, zai nuna wa alƙalan atisaye mutuwar da ba a yi ba.

Shiru ma labari ne da ke buƙatar fassara. In daƙiƙa 12 suka wuce ba a ji daga abu ba, ƙa'ida ta ce a ɗauka ya fita. Amma a cikin waɗannan daƙiƙu 12 manhajar na ci gaba da kirdado, kuma jirgin nan mai gudun mita 250 a daƙiƙa, in kwamfutarsa ta mutu, zai ci gaba da shawagi lafiya lau a allo har kilomita 3 kafin ya ɓace. Babu abin da zai hana a dusashe launinsa ko a sa masa alama da zarar ya wuce daƙiƙa 5 bai yi magana ba. Layuka kaɗan ne na rubutu, amma su ke raba mai kallon da ya san abin da yake gani da wanda aka ruɗa.

Akwai kuma rigimar ƙasa. Kowace na'ura tana da nata kwafin taswirar filin, kuma ba safai suke zama iri ɗaya ba. Tudun da ke wannan taswira ya fi na waccan da mita biyu, sai a ga mota tana tafiya a iska ko ta nutse zuwa wuya. Wani lokaci bambancin daga ma'aunin tsayi ne: wani yana aunawa daga matakin teku, wani daga siffar lissafi ta WGS 84, kuma tazarar biyun takan kai mita 100 a wasu sassan duniya. Dabarar da aka saba ita ce a manna motocin tudu a kan ƙasar da manhajar kallo ke da ita. Hoto yakan gyaru, amma matsalar tana nan a ɓoye: wataƙila a taswirar mai harbi babu tudun da wanda aka harba yake zaton ya laɓe a bayansa. Ya kamata a bar maɓallin kashe wannan mannawa, domin ranar da aka yi gardama kan adalcin atisaye, ta nan za a gano bakin zaren.

In an koma HLA

DIS an ɗinka ta ne daidai jikin atisayen soja da ke tafiya da agogon bango. Ma'aikatar tsaron Amurka ta so abin da ya fi faɗi, wanda zai haɗa kwaikwayon da ke gudu fiye da agogo da wanda ke rarrafe, kuma a 1996 ta wajabta sabon tsari mai suna HLA. Ya zama ƙa'idar IEEE 1516 a 2000, aka sabunta shi a 2010, ƙungiyar NATO ma ta karɓe shi.

A nan ba a buɗe kunne kawai. Akwai manhajar tsakiya, RTI, wadda ke rarraba saƙonni. Manhajar kallo tana shiga tarayyar a matsayin mamba, ta karanta kundin da aka amince da shi na irin abubuwan da za a yi musaya, ta yi rajistar waɗanda take so. Daga nan RTI ce ke kiran ta: ga sabon abu ya bayyana, ga bayaninsa ya canza, ga shi an cire shi. Ribar ita ce ba a cika ta da abin da ba ta nema ba. Kundin da aka fi amfani da shi a atisayen soja, RPR FOM, ya kwashe tsarin DIS ne ya zuba a sabon mazubi, don haka lissafin tsakiyar duniya da kirdado duk suna nan yadda suke.

Sabbin tarkuna biyu ne. Na farko, HLA takan aiko abin da ya canza ne kawai. Wanda ya shigo a makare a DIS, daƙiƙa 5 sun ishe shi ya ji daga kowa. A HLA, motar da aka ajiye tun safe ba ta da dalilin yin magana, sai manhajar kallo ta roƙa a sake aiko mata cikakken bayaninta. Na biyu, HLA tana iya daidaita lokaci tsakanin mambobi, kuma mamban da ya shiga cikin masu riƙe agogo yana iya tsayar da kowa in ya yi nawa. Ɗan kallo ba shi da dalilin karɓar wannan iko. Ya bi agogo, kada ya riƙe shi.

Ko DIS ko HLA, ginin cikin manhajar iri ɗaya ne. Sashe ɗaya yana karɓar saƙonni yana sabunta rajistar abubuwa, wani sashe yana zane, kuma ba a bari ɗaya ya jira ɗaya. In zane ya yi nauyi ya hana karɓa, saƙonni za su cika ma'ajiya su zube ba tare da wani gargaɗi ba.

Ƙofar a buɗe take

Abin da a da sai ɗan kwangilar soja ke taɓawa, yau ɗalibi mai kwamfutar cinya zai iya gwada shi. Makarantar gaba da digiri ta sojan ruwan Amurka da ke Monterey, inda Michael Zyda da abokan aikinsa suka gina NPSNET a shekarun 1990, ta saki Open-DIS kyauta a harsunan Java, C++, Python da wasunsu. Manhajar Wireshark tana iya buɗe saƙon DIS ta nuna shi filla-filla. Ga HLA akwai Portico, da CERTI ta cibiyar binciken jiragen sama ta Faransa, ONERA. Ga zanen ƙwallon duniya akwai osgEarth da Cesium. Kamfanoni irin su MAK na Amurka da Pitch na Suwidin suna sayar da nasu ga manyan ayyuka. Fagen kuma ya wuce yaƙi: a 2020 SISO ta fitar da kundin SpaceFOM don ayyukan sararin samaniya, kuma ɗaliban jami'o'i daga ƙasashe daban-daban sukan haɗa kwaikwayon sansani a duniyar wata ta HLA, tare da injiniyoyin NASA.

Mai son koyo ya fara da ƙarami. Ya rubuta 'yar manhaja mai aiko mota ɗaya tana zagaye, wata kuma ta karɓa ta buga lambobin. In sun yi daidai, ya mayar da su latitud da longitud ya ɗiga a taswira. Sannan ya ƙara kirdado. Daga nan ya fara ɓata hanyar da gangan: ya zubar da saƙo ɗaya cikin goma, ya jinkirta wasu, ya hargitsa jerinsu, ya kashe mai aikawa ana tsakiyar tafiya. A nan ake sanin ingancin aiki, domin kowace manhaja tana da kyau in hanya lafiya take.

Abin da ya kamata ya riƙe tun daga ranar farko shi ne cewa ana naɗe waɗannan saƙonni, a sake kunna su bayan atisaye, a tara mutane gaban allo a ce wa wani ga inda ka yi sake. Hoto mai santsi yana da ƙarfin rufe bakin mai gardama, ko da shi ke da gaskiya. Saboda haka manhajar kallo tana bin mai kallonta bashin abubuwa huɗu: ta nuna tsawon lokacin da kowane abu ya yi bai yi magana ba, ta bambanta siffar da ta tabbatar da wadda ta ara, ta faɗi in ta matsar da abu don ya zauna a ƙasa, ta ƙirga saƙonnin da ta kasa karantawa ta ajiye adadin a inda ido zai gani. Babu ɗaya cikin huɗun da ke ƙara wa hoto kyau, kuma mai sayen manhaja ba safai yake tambayar su ba. Wanda ya rubuta ta ne kaɗai ya san inda labari ya tsaya kirdado ya fara, don haka shi ne zai sa su ko ba a nema ba.